Kujera ta Biyar

Kujeru biyar ne a ɗakin taronmu, huɗu daga ciki ni na gyara su da hannuna. Ta Baba ce kaɗai ban taɓa ba. Ƙafarta ɗaya ta baya ta gaza sauran, sai ya ninke kwalin sabulu ya cusa a ƙarƙashi, ya ce in ƙyale masa abarsa, ya saba da 'yar girgizar da take yi.

Ƙungiyarmu ta masu ba da jini ce kyauta. Ba ma karɓar ko sisi a hannun kowa, shi ya sa ma ba mu da ma'aji. Abin da muke da shi ɗaki ɗaya ne da asibiti ta ara mana a bayan wurin wankin zannuwa, da babban littafi mai sunayen mutane da irin jinin kowa, da wata tsohuwar waya mai madannai da aka ɗaure bayanta da roba. In aka rasa jinin da za a ƙara wa marar lafiya, wayar nan ake kira. Shugaba ke riƙe ta. Shi zai gaya wa mai kira, mai kira ya nemo wanda jininsa ya dace ya kai shi.

Asabar ɗaya ake tsallakewa, ta biyu a zauna. Kujerun a jere suke daga taga zuwa ƙofa. Ta farko ta Baba ce, mahaifina, shugaba, shekara sha tara yana kai. Ta biyu ta mataimakinsa, Mai Gilashi, mai yanka gilashin tagogi a bakin titi, wanda nake ce wa Baffa. Ta uku ta sakatariya, Anti Nas, da ta yi ritaya daga ɗakin haihuwa. Ta huɗu ta Kawu Tela, mai kira. Ta biyar, dab da ƙofa inda iska ke shigowa ta ƙasa, ita ce tawa. Ni ne mai makulli. Aikina in buɗe ɗaki, in rufe, in adana littafi a akwati.

Yadda na samu kujerar ma abin dariya ne. Dokarmu ba ta san zaɓe ba. In kujera ta faɗi, kowa sai ya matsa gaba ɗaya, ta biyar ɗin da ta rage kuma a bai wa ɗan ƙungiyar da ya fi daɗewa a littafi cikin waɗanda suka zo taron ranar. Shekara uku da suka wuce mataimaki na wancan lokacin ya rasu, aka matsa. Ranar ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ba wanda ya zo cikin 'yan ƙungiya sai ni, ni ɗin ma lema na kawo wa Baba. Lambata ɗari biyu da sha huɗu. Anti Nas ta dubi benci wayam, ta dubi takardar doka, ta ce, "To shigo daga ruwan nan, yau ka zama manya." Tun daga nan Kawu Tela ke ce mini Shugaban Kwaɗo. Akwai wani dattijo, Mai Wanki, lambarsa shida, wanda ruwan ya hana shi fitowa. Har yau in mun haɗu sai ya ce, "Ai kujerata kake ɗumama mini."

Karatuna bai yi nisa ba. Kafinta ne ni, a shagon wani nake aiki. Amma dokokin nan goma sha biyu na san su, don Baba ya sha karanta mana su a gida yana shan shayi, kamar mai karanta jarida. Ya fi son ta tara, don shi ya tsara ta. Ta ce shugaban da ya kasa buɗe taro da bakinsa sau uku a jere, tafiya ce ko ciwo, ya sauka ya miƙa waya. Ya ce a zamanin shugaban farko, wani hedimasta mai iya magana, mutumin ya yi tafiyar wata biyar, kowa na jin nauyin ya hau kujerarsa, har wani yaro ya rasu ana neman wanda zai ce a yi kaza.

"Kunya ce ta kashe yaron nan," in ji Baba, "ba rashin jini ba."

Wata Talata da safe yana ɗaura agogo ya zame daga bakin gado. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Kwana ashirin muka yi, muka dawo da shi gida a keken marasa lafiya. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, magana ma ta tafi. Wani sauti guda ya rage masa daga maƙogwaro, da shi yake neman ruwa, da shi yake faɗa.

Mutane suka yi ta zuwa dubiya, wasu su fita suna share ido. Ni ban yi kuka ba. Ba daurewa na yi ba, babu shi ne kawai. Na koyi juya shi kada bayansa ya yi miki, na koyi wanke shi, na koyi ba shi shayi da ƙaramin cokali ta gefen bakin da ke motsi. Na sassaƙa masa allo mai santsi na zamewa daga gado zuwa keke. Duk ina yi ina kallon hannuwana kamar na wani. Ka san in ka kwanta a kan hannunka ka tashi, kana taɓa shi kana gani amma ba ka ji? Haka gaba ɗayana ya zama.

Ranar da muka dawo, abin da ya fara yi shi ne laluben ƙarƙashin filo da hannun hagu. Umma ce ta gane. Ta ɗauko wayar ƙungiya ta sa masa. Ya damƙe ta, ya yi barci.

Sai muka samo dabara. In waya ta yi ƙara, in sa ta a sifika in ce, "Shugaba na jin ku." Su faɗi irin jinin da leda nawa. Na ɗauko littafin na kawo gida, ko da yake doka ta huɗu ta ce ba ya kwana sai a cikin akwatinsa. In buɗe masa a cinya ina juya shafi, yatsansa na hagu na bin layi har ya tsaya. Wani lokaci ya tsallake sunan da ni da shi zan zaɓa. Daga baya in ji ashe mutumin ya bayar watan jiya, ko ya koma wani gari, ko bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Shafin farko ya yi laushi kamar tsumma saboda taɓawa. Layin farko sunan Baba ne, lamba ɗaya, da jan ɗigo a gefe. Ba shi ne shugaban farko ba, amma ranar da aka kafa ƙungiya shi ya fara kwanciya ya miƙa hannu. Jan ɗigon na waɗanda shekaru suka hana bayarwa ne. Ba a soke sunan mutum sai ya rasu.

In yana bin layin nan idonsa kan dawo irin na da. Umma ta ja ni gefe ta ce, "Ka ga idonsa? Wayar nan ke riƙe da shi, ba ƙwayoyin likita ba."

Taro biyu an yi su muna asibiti, Baffa ya buɗe, Anti Nas ta rubuta. Saura ɗaya. Na ukun ne ya ƙi zuwa. Asabar ta farko Kawu Tela ya ce ɗinki ya yi masa yawa. Ta biyu gwiwar Anti Nas ta tashi. Ta uku Baffa ya ce ɗakin na warin fenti, alhali fentin ya shekara. Ba wanda ya ambaci doka ta tara. Ni ma ban ambata ba.

Da rana in ina shago, Umma ce ke ɗaukar waya ta kira ni. Wata Alhamis ta fita sayo masa magani, ta ce minti goma ne, layi ya riƙe ta. Ina can injin goge katako na ƙara a kunnena. Wayar ta yi ƙara a ƙirjin Baba. Ya danna da babban yatsansa. Wata mata ce jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. A can suna ta "Halo, halo, Shugaba?" ba sa jin komai sai numfashi da sautin nan. Suka kashe suka sake kira. Sai bayan kusan minti arba'in wata ma'aikaciyar asibitin ta tuna tana da lambar Anti Nas, Antin ce ta nemo mutum biyu. Matar ta rayu. An ce da an ƙara rabin awa da ba wannan maganar ake ba.

Da na dawo na same shi yana kallon silin, rigarsa sharkaf da gumi da yawu. Umma na zaune a ƙasa da ledar magani a cinya, ko mayafi ba ta cire ba. Na zare wayar na duba. Kira huɗu, duka an ɗauka. Na farko daƙiƙa hamsin, na ƙarshe minti biyu da wani abu. Na tsaya ina tunanin abin da mutum zai yi minti biyu yana ƙoƙarin faɗa. Sai na ɗebo ruwan ɗumi na canza masa riga.

Washegari Baffa ya zo shagonmu. Ya tsaya cikin garin katako da takalminsa mai kyau.

"Ɗana, kashe injin nan."

Na kashe.

"Gobe za mu zauna."

"To, Baffa."

"Ba ka tambaye ni dalili ba."

"Na sani ai."

Ya ɗauki wani guntun katako yana juyawa. "Shekara talatin ina bin bayan mahaifinka. Wallahi kujerar nan ba na son ta. Ni da har yau in za a soka mini allura sai na kau da kai, ni ne zan yi shugabancin jini?" Ya ajiye guntun. "In ka ga zai yi masa nauyi, kada ka kawo shi. Ka kawo wayar kawai. Mu rubuta bai zo ba, shi ke nan."

Umma ma abin da ta ce ke nan, sai dai ita ta ƙara da dabara.

"Ka ce masa ta lalace an kai gyara. Ko ka sayo irinta marar layi ka sa masa a ƙarƙashin filo."

"Umma, zai gane."

"To ya gane a hankali mana! Ka tura shi gaban mutane a ce ya yi magana ya kasa, kana tsaye kana ɗansa? In aka karɓe wayar nan a idonsa ba zai kai ƙarshen wata ba, ni na faɗa maka."

Ban san wanne zan yi ba.

Ranar Asabar bayan azahar na shiga ɗakinsa a hankali, da niyyar in zare wayar yana barci. Idonsa biyu. Ya dube ni, ya ɗaga yatsa ya nuna kalandar da ke bango. Ya sauke ya nuna takalminsa a bayan ƙofa, wanda rabonsa da shi tun ranar da ya faɗi. Ashe yana ƙirga Asabar ɗin nan duka. Na ɗauko takalmin na goge, na sa masa. Na dama ya ba ni wahala, ƙafar ta kumbura. Umma ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu, na jira faɗa. Sai ta juya ta dawo da ƙaramin tawul ta soka masa a wuyan riga.

"Ka bi ta inuwa," ta ce.

Tafiyar minti ashirin ce da ƙafa, da keke ta kai mu kusan awa. Akwai inda murfin kwata ya karye, sai na sauka titi ina kaffa-kaffa da motoci. Littafin na cinyarsa, wayar na saman littafin, hannunsa na saman wayar. Mai faci ya ɗago daga tayar da yake dannawa a ruwa ya ce, "Shugaba! Jiki ya yi kyau!" Baba ya ɗaga yatsa ɗaya. Muka shiga ta ƙofar baya ta asibiti, muka ratsa tsakanin fararen zannuwan da aka shanya, suna shafar fuskarsa.

Na buɗe kwaɗo. Matakala biyu ce a ƙofar, Kawu Tela ya kama gaba na kama baya.

"Kai, Shugaba, ana ciyar da kai fa! Wannan nauyin ba na marar lafiya ba ne. Shugaban Kwaɗo, ɗaga mana, ko katakon ma haka kake ɗauka?"

Labari ya zaga, benci ya cika, mutum tara. Mai Wanki na gaba, rigarsa ta sha guga har tana tsayuwa da kanta. Muka ɗaga Baba muka ɗora a kujerarsa ta bakin taga. Ta yi 'yar girgizarta. Kowa ya zauna a wurinsa.

Anti Nas ta buɗe littafin rubutunta, ta cire murfin biro, ta mayar, ta sake cirewa.

"Shugaba," ta ce, "a buɗe mana taro."

Kalmomin ba su da yawa. Yakan yi sallama ne ya ce, "Jama'a, mun zauna." Ya ja numfashi. Gefen bakinsa na hagu ya motsa, jijiyar wuyansa ta tashi. Sautin nan ya fito. Ya tsaya, ya sake. A waje injin wanki na juyawa. Ina kallon kwalin sabulun da ke ƙarƙashin ƙafar kujera, ya baje ya yi baƙi, na ce a raina ya kamata a canza shi. Abin da na yi tunani ke nan. Sau uku ya gwada. A na ukun yawu ya zubo kan tawul.

Sai ya ɗora wayar a kan tebur ya tura ta. Ba ta yi nisa ba, robar bayanta ta riƙe ta a tsakiya. Baffa ya sunkuyar da kai, hannuwansa a cinya. Baba ya ƙwanƙwasa tebur da ƙarfi, irin yadda yake yi in ana surutu. Baffa ya miƙa hannu ya ɗauka.

Anti Nas ta rubuta wani abu gajere. Ta ce, "A matsa."

Ba a matsawa sai kujerar farko ta zama wayam. Na tashi na rungumo shi na mayar a keke. Babu fili sai ƙarshen benci kusa da ƙofa, can na ajiye shi. Baffa ya zauna a kujerar taga, ta girgiza, ya zabura ya dafa tebur. Anti Nas ta koma ta biyu, ta tura wa Kawu Tela littafin rubutu da biro.

"Ni?" in ji shi. "Ni da rubutuna ko ni ba na iya karantawa? Awon mutane ma a ka nake riƙewa."

"Shi ya sa wandon mijina ya tsaya a ƙwauri. Karɓi, tsohon banza, za ka koya."

Na koma ta huɗu. Da ɗumin Kawu Tela a jikinta.

"Saura ta biyar," in ji Baffa, bai ɗago ba. "Wa ya fi daɗewa cikin waɗanda suka zo?"

Mai Wanki har ya miƙe yana gyara wuyan riga. "Lamba shida," ya ce. "Yau dai ba ruwa."

"Akwai lamba ɗaya," na ce.

Ban shirya faɗa ba. Kamar in wani ya karanta awo ba daidai ba ne a shago, bakinka ya gyara kafin ka yi tunani. Sati nawa ina buɗe shafin nan kullum.

Mai Wanki ya juyo.

"Haba jama'a! Mutumin da yanzun nan ya sauka?"

Anti Nas ta jawo takardar doka ta sa tabarau. "Ta goma. Ɗan ƙungiyar da ba shi da kujera, wanda ya fi daɗewa a littafi, cikin waɗanda suka halarta." Ta cire tabarau. "Yana da kujera?"

"Babu," in ji Kawu Tela.

"An soke sunansa?"

"Jan ɗigo ne kawai," na ce.

"Ya halarta?"

Kowa na ganinsa.

"To na ji," in ji Mai Wanki. "Ba don kaina nake faɗa ba, Allah ya sani. Amma ku duba. Mutum ya yi shekara sha tara a bakin taga, ku mai da shi bakin ƙofa, ƙasa da ɗan cikinsa? Wannan karramawa ce ko cin fuska? Kuma kwaɗon nan, ni mai hannu biyu sai na yi da gaske. Doka ta ce mai makulli da hannunsa yake rufewa."

Gaskiya ya faɗa. Ban yi tunanin ko ɗaya ba. Na dubi kujerar da nake kai, na dubi wadda na bari, na ga lallai ni ne a sama.

Baffa ya juya wayar a hannunsa. Wannan ne hukuncinsa na farko, kuma an ga alama ba ya so.

"A tambaye shi," ya ce. Ya miƙe ya zo gaban keken ya rage tsawo. "Yaya, ka ji duk abin da aka ce. In kana so taka ce. In ba ka so, wallahi ba mai ganin laifinka. Ɗana, nuna masa."

Na ciro makullin daga wuyana, da igiyarsa da gumi ya baƙanta. Na ɗora a tafin hannuna a gabansa. Ya daɗe yana kallonsa. Bai dube ni ba, bai dubi kowa ba. Ya kalli kujerar taga sau ɗaya. Sannan ya ɗauka.

Mai Wanki ya koma ya zauna. "Sau biyu ke nan gidan nan na yi mini haka. Da ɗa, da uba."

"Yi haƙuri," in ji Kawu Tela. "Dube mu da kyau, duk mun kusa. Kai dai ka riƙa zuwa."

Aka yi 'yar dariya, ba mai yawa ba. Muka ɗora Baba a kujera ta biyar. Ni na gyara ta bara, na sa mata sabbin ƙusoshi da gam. Na ga ya dafa ƙafar hagu ya ɗan tura baya, yana jiran ta girgiza. Ba ta motsa ba.

Sauran taron bai fi minti ashirin ba. An yi maganar matar nan ta ranar Alhamis, aka ce za a ba ɗakin haihuwa lambar waya ta biyu. Kawu Tela ya rubuta layi huɗu, Anti Nas ta leƙa ta ce, "Inna lillahi." Da aka tashi na miƙa hannu zan ɗauki littafin sunaye in mayar masa a cinya mu tafi gida. Ya buge mini hannu da makulli. Ya nuna akwati.

"Baba, ai da shi muke..."

Ya sake nuna akwati. Ya ɗaga yatsu huɗu, wato doka ta huɗu.

Na sa littafin a akwati na rufe.

Kwaɗon ƙofar irin wanda sai da makulli yake rufuwa ne, kuma daidai ƙirjin mutum yake in yana tsaye. Daga keke hannunsa bai kai ba. Na shiga bayansa na sa hannuwana a hammatarsa na miƙar da shi, nauyinsa duka a ƙirjina. Ya kai makullin, kwaɗon ya kauce. Ya sake, ya kauce. Mutum goma sha biyu na tsaye a bayanmu tsakanin zannuwa. Ina jin bugun zuciyarsa ta bayansa, ina jin hannuwana suna mutuwa. Ban san minti nawa ba.

Sai wani hannu mai farin tabon sabulu ya zo ta gefena ya kama ƙasan kwaɗon. Mai Wanki ne.

"Riƙewa ba rufewa ba ce," ya ce, yana kallon wani wajen. "Kowa ya shaida."

Makullin ya shiga. Baba ya murɗa, bai tafi ba. Ya ja numfashi ya murɗa da dukan hannun har kafaɗa. Ya yi ƙas.

A gida Umma na bakin ƙofa. Cinyarsa ta fara duba.

"Ina wayar?"

"Tana wurin Baffa."

"Littafin fa?"

"Ya ce a bar shi a akwati."

Ta dubi igiyar da ke wuyansa. Na gaya mata an matsa, shi ne mai makulli yanzu, ni mai kira. Ta yi lissafi a ka.

"Ke nan duk bayan Asabar ɗaya sai ka tura shi can ka dawo da shi."

"E."

"Ko ana ruwa."

"Ko ana ruwa."

Ta zare tawul ɗin daga wuyansa ta tafi wankewa.

Da safe na shiga da shayi. Idonsa a rufe, hannun hagu na lalube a ƙarƙashin filo. Ya shiga can ciki, ya fito, ya sake shiga. Na tsaya da kofi a hannu. Ya daɗe yana nema. Sannan hannun ya hau ƙirji, ya ci karo da makulli, ya tsaya a nan. Bai buɗe ido ba. Ban san ko ya ishe shi ba.

Wajen ƙarfe tara wayata ta yi ƙara. Baffa ne, yana magana da ƙarfi kamar wanda ke tsoron wayar. Leda ɗaya, ɗakin yara. Na ɗauki ɗan littafin lambobin da Kawu Tela ya ba ni, na fita. A hanya na jira in ji wani abu, ko daɗi ko ɓacin rai. Babu. Sai dai ina ta kai hannu wuyana inda igiyar take, har na isa shagon mutumin da zan kira.